Yadda Za Ka Taimaki 'Yarka Mai Binciken Haske Ko Ba Ta Roƙe Ka Ba

Idan kana da 'ya a jami'a, kuma ranar da za ta kare aikinta a gaban manyan malamai ta matso, na san abinci ba ya yi maka daɗi. Burinka bai wuce ta ci ba, kai kuma a bar ka ka shiga zauren ka gani da idonka. To, kwantar da hankalinka. Ni mai wankin mota ne, kuma goge fitilar mota da ta dusashe shi ne abin da aka san ni da shi, saboda haka ni da haske ba yau muka saba ba. Bi matakan nan yadda na tsara su. Na yi maka alkawari, har jikokinka sai sun ji labarin gudummawar da ka bayar.

Mataki na 1: Tambaye ta, amma sau ɗaya tak

Same ta a gaban kwamfuta, ka ja kujera, ka ce, "Mamana, wai me kike bincike ne?"

Za ta ce, "Baba, ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani muke zubawa a narkakkiyar roba. In ta daskare sai mu haska ta. Haske ya bugi wannan ƙwayar ya karkace, ya bugi waccan ya watsu. Ni kuma ina koya wa kwamfuta ta faɗi inda zai bi tun kafin a kunna fitila."

Gyaɗa kai a hankali, ka ce, "Na gane sarai."

Kada ka tambayi abin da zai sa mai hankali ya zuba datti a roba da gangan. Bar tambayar a cikinka. Uba nagari ba ya nuna rashin saninsa, aiki yake yi da shi.

Mataki na 2: Ka yi naka binciken

Cika kofin gilashi da ruwa, ka ɗiga madara, ka haska da tocila. Ta gefe za ka ga shuɗi-shuɗi, ta gaba ja-ja. Kada ka firgita, ba tsafi ba ne. Ƙara madara.

Uwarta za ta leƙo ta ce, "Malam, madarar shayin safe ce fa kake wasa da ita."

"Kimiyya nake yi."

"To, kimiyyar za ka sha gobe."

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Bi gidan da tocila. Haska sabulu, haska labule, haska kunnen kyanwa. In maƙwabci ya tambayi me ka yar, ce masa kai ma kana jiran sakamako.

Mataki na 3: Buɗe akwatin

Wata rana za ta shigo da ɗan akwati, ta ajiye a saman kabad, ta ce, "Gobe zan kai su a auna mini. Don Allah kada a taɓa." Wannan gargaɗi na yara ne da baƙi. Jira ta fita.

A ciki za ka tarar da fayafayan roba, girman murfin kwalba, kowanne a nannaɗe da auduga. Ɗaga ɗaya wajen taga. A nan gabanka zai faɗi. Sun dusashe! Fari fat da hazo, kamar fitilar tsohuwar tasi da ta shekara a rana. A wurin aikinka, in ka mayar wa mai mota fitila a haka, sai ya tara maka jama'a.

Yanzu rufe ido ka hango farfesa ya ɗaga abin nan a gaban mutane yana cewa, "Yarinyar nan ba ta da uba ne?"

Kana da shi ai. Naɗe hannun riga.

Mataki na 4: Goge

Fara da tsumma. Ba zai yi ba. Sa man goge baki, wanda duk mai sana'a ya san amfaninsa ya wuce haƙori. Ba zai yi ba. Ɗauko samfefa, takardar nan mai yashi-yashi ta kankare abu, ka fara da mai laushi. In ta gaza, ɗauko yayarta.

Can za ka lura hazon ba a sama yake ba, a ciki yake. Masu ƙaramin ƙarfin zuciya a nan suke tsayawa. Kai ka sani, datti na ciki datti ne da ba a kai gare shi ba tukuna. Ci gaba da ci. Idan faifan ya sirance ya koma kamar farce, kana iya hango agogon bango ta cikinsa, to ka iso. Yi wa sauran haka.

Lambobin da ta rubuta a gefensu za su goge. Ba komai. Jera su bisa kyau, wanda ya fi walƙiya a gaba.

Mataki na 5: Zauna ka jira godiya

Da safe za ta ɗauki akwatin a rufe, ta miƙa wa ma'aikacin ɗakin gwaji a rufe. Bayan 'yan kwanaki sakamako zai iso.

Leƙa allon kwamfutarta. Za ta nuna maka layi biyu. "Wannan abin da lissafina ya ce, wannan abin da na'ura ta auna. Da tare suke tafiya. Yanzu kalli, Baba." Ɗaya ya hau sama, ɗaya ya gangara kamar sun yi faɗa.

Ba da shawara. Ka ce, "A ɗan matso da su mana." Za ta dube ka. Gwada wata: "Ko allon ne ya yi ƙura?" Amma kada ka kai hannu aljihu neman tsumma.

Idan ta ture abinci ta ce, "Ashe duk shekarun nan banza nake lissafawa. Gara in je in ce musu na fasa," za ka ji gumi yana bin bayanka. Zafin gari ne. Tashi ka duba ko an kulle ƙofa, ko da rana tsaka ce.

Mataki na 6: Ranar da akwati ya dawo

Za ta buɗe shi a teburin cin abinci. Ƙamshin man goge baki zai cika ɗakin. Za ta ɗaga faifai ɗaya, ta hango ka ta cikinsa tar, wanda ke nuna aikinka ya yi kyau.

Uwarta za ta ce, "Malam, ina samfefar da ke cikin durowa?"

"Samfefa ai yawo take yi."

"Dube ni nan."

Kada ka dube ta. Yarinyar ce za ta ce, a hankali, "Baba, me ya sa?"

A nan babu dabara. Ka ce, "Sun dusashe ne, Mamana. Ban so malamai su ce daga gidan da ba a goge abu kika fito ba."

"Baba, dusashewar ita ce digirin!"

Za ta kife kai a tebur, kafaɗunta suna rawa. Kada ka tambaya dariya ce ko kuka, duka biyun ne. Da ta ɗago za ta ce, "Ashe lissafina lafiyarsa ƙalau." Sai ta roƙi a ɗaga mata rana, ta sake zuba sababbi daga farko. Ka ga ke nan kai ka tabbatar mata da lissafinta. Amma kada ka faɗi haka a ranar. Ni na faɗa.

Mataki na 7: Shiga zaure

Da farko za a ce ba za ka je ba. Kada ka yi gardama. Zauna a bakin ƙofa da sabuwar rigarka tun ana saura mako, kana ajiyar zuciya. Za a sassauta, bisa sharaɗi.

A ƙofar zaure uwarta za ta caje ka. Miƙa mata tsumman aljihu. Ba ta na cikin hula. Na cikin safa ma za ta gano, kada ka ɓata lokaci.

Za a zaunar da ku a gaba. Babban farfesa zai cire tabarau ya ajiye a tebur, dab da kai. Ɗan'uwa, ban taɓa ganin gilashi irin wannan ba: shatin yatsa, maiƙo, har da abin da nake zaton miya ce. Kuma da wannan zai duba aikin 'yarka! Za ka tuna bakin riga ma tsumma ne. Uwarta za ta take maka ƙafa. Zauna a kan hannuwanka, ka kalli gaba.

Ga ta can tsaye, muryarta ba ta rawa. Ga layi biyu a allo, sun jeru tare har ƙarshe. Ba za ka gane kalma ɗaya ba. Sai farfesa ya dubi 'yan'uwansa ya ce sun gamsu. Za ta juyo tana neman ka, ta fara duba hannunka, sannan fuskarka. Ɗaga mata tafuka biyu, wayam. In ka ga zauren ya dusashe maka, ba gilashi ba ne, kada ka nemi samfefa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin robar da ta sirance, ranar da aka ɗaga, madarar da ta ƙare, ko kwaɗon da aka sa wa kabad ɗin gidanka. Duk wanda ya bi matakan nan ya ji a jikinsa, shi ya so. Batun tabarau ɗin farfesa kuwa, da aka ce an tarar yana walƙiya bayan an tashi, har mai shi ya tambayi wa ya ƙara fitila a zauren, ni ina wajen ɗaukar hoto, kuma ina da shaidu.