Rasuwar Ta Hagu, Mai Ba Sabar Wuta

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Injiniyan asibitinmu yake sanar da rasuwar Ta Hagu, ɗaya daga cikin tagwayen na'urorin da ke ba sabar wuta. Ta cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara shida a bakin aiki.

Ga wanda bai sani ba, sabar ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin kowane majinyaci. Masu ƙera ta sun sa mata na'urorin wuta biyu, Ta Hagu da Ta Dama, don su raba kaya, in ɗaya ta faɗi ɗaya ta riƙe. Haka suka zauna rabi da rabi, har shekarar da Manaja ya tashi haiƙan sai an rage shan wuta.

Injiniya da hannunsa ya shiga saitin sabar, ya kwantar da Ta Dama barci, ya jibga wa Ta Hagu kayan duka. Shan wuta ya ragu, aka tafa masa a taro, har da ɗaukar hoto. Ƙa'idar ita ce duk wata uku a tashi mai barcin a musanya su. Sau ɗaya ya yi. Daga nan kullum sai mako mai zuwa, har shekara huɗu.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da yawan magana. Abin da aka sani daga bakinta shi ne "huuu", safe da yamma. A watan jiya ne fankarta ta soma "kar-kar-kar", jikinta ya ɗau zafi. Injiniya ya hure ta, ya ce ƙura ce kawai. Ranar Talata ta yi "ƙit", koriyar fitilarta ta koma ruwan ɗorawa, warin ƙonewa ya cika ɗakin.

Ta bar sabar, da faifan ajiyar bayanai takwas, da 'yar'uwarta Ta Dama, wadda ta farka a firgice ta tarar da kayan duka a kanta. Rana ɗaya aka ƙera su, a masana'anta ɗaya. Sabuwar da za ta gaji marigayiya kuwa sai nan da mako uku za ta iso.

Manaja ya leƙo gaisuwa, ya ga allon kwamfuta na aiki, ya ce, "To ai amfanin biyun ke nan. Komai lafiya, ko?"

"Lafiya lau, yallaɓai," in ji Injiniya.

Bai gaya masa cewa tun jiya da rana Ta Dama ta soma irin wannan "kar-kar" ɗin ba. Tsoro yake ji, na gaske. In ta faɗi, likitoci za su tsaya a kan marasa lafiya ba su san wa ke shan wane magani ba, kuma kowa ya san wanda aka tafa wa.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da azahar, a sito na bayan gini. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su shigo ɗaya-ɗaya, kada su buga ƙofa, kada su jingina da kabad, kada kuma kowa ya taɓa waya. Mai sito ya kawo kwalin da za a sa gawar, daidai ita. Injiniya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya mayar, ya kawo wanda zai ɗauki biyu.