Rezo a Saman Tsamiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na hau tsamiya sanye da babbar riga. Lokacin ina sabon ma'aikaci a hukumar da ke sa ido kan kamfanonin tarho, a buro, wato ofishinmu na Damagaram. Muka yi baƙuwa, wata Baturiya daga wata ƙaramar ƙasa da ta taɓa zama ƙarƙashin mulkin kwaminisanci. A can, in ji ta, da gwamnati kaɗai ke ba da layi, mutum ya yi shekaru yana jira. Yanzu kamfanoni ne, hukumarsu kuwa ba ta yarda da abin da suka rubuta sai ta je ta auna da kanta.

Shef, shugaban buronmu, ya ce to mu ma mu je mu auna. Muka nufi wani ƙauye bayan Takieta, inda manoma suka daɗe suna kukan babu rezo, waya ba ta kamawa. Ko haihuwa ta zo da gardama ba halin kiran mota. Wakilin kamfanin tarho da ya biyo mu ya shimfiɗa taswira gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, ga garinku cikin kore, rezo ko'ina."

Mai gari ya ce, "Malam, mu dai namu rezon yana saman tsamiyar can."

Nan fa son burga ya ɗebe ni (rabona da hawan itace tun ina ɗan makarantar lakkol). Na naɗe riga na hau. A ƙasa babu wayar da ta kama, ni kuwa a reshe na uku sai ga rezo! Na buɗe lasifika don kowa ya shaida, zan kira buro ke nan wani kiran ya shigo. Na amsa ban duba ba.

"Auta!" Muryar Inna ta cika dandalin. "Tun safe nake nemanka. Ka sha maganin basir ɗin kuwa? Matarka ta ce jiya ko zama ba ka iya yi."

"Inna, ina bakin aiki..."

"To kada dai ka ci yaji!"

Gari ya kwashe da dariya. Baturiya ta tambayi abin da aka ce, Shef ya fassara mata tsaf (Allah ya isa), bai rage ko kalma ba. Saukowa kuma ta gagare ni, sai wata tsohuwa ce ta riƙa cewa, "Ɗana, ƙafar hagu tukuna."

Amma hotona a kan reshen ya shiga rahotonmu. Hukuma ta ba kamfanin wa'adi, kafin damina anten, wato ƙarfen rezo, ta tsaya a garin. Mai gari ya kira ni a waya yana zaune a zaurensa, ya sa mini albarka har idona ya kawo ruwa, sannan ya sassauta murya: "To, yaya jikin?"

Tun daga ranar na gane yi wa jama'a aiki abu ne mai daɗi, amma in Inna na da lambarka, duba mai kira kafin ka buɗe lasifika.