Rasuwar Ƙwarya Mai Namun Daji

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Zaliha matar marigayi Garbai mai zanen ƙwarya, mazauniyar Gure, take sanar da dangi na garuruwan Kelle da Gamu, da duk wanda ya taɓa leƙa ɗakinta, rasuwar babbar ƙwaryarta da aka fi sani da Mai Namun Daji. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan cinyar mai ita, tana da shekara goma sha takwas a duniya.

An haifi marigayiyar a gindin danga, bayan rumbu. Garbai ne ya fafe ta, ya shanya, ya ƙona wuƙa ya zana mata dabbobin tatsuniyoyin da amaryarsa take yi masa. Shi kuwa mutum ne da ba ya zane sai ya tsokani wani. Kura ya ba ta tumbin yayansa Barmo, da ludayi a hannu. Dila ya naɗa masa rawani irin na dillalin raƙuma. Zomanya tana dariya da wushirya, kowa kuma ya san daga bakin amaryarsa ya ɗauko ta. Can a ƙarshen layi ga kunkuru ya miƙa dogon wuya, ƙafa ɗaya ta gaza sauran, yana bin zomanya bai cim mata ba. Wannan Garbai ne da kansa, da ɗingishinsa da komai.

Wata biyar da gama zanen aka tafi da shi aikin tilas na Nasara, ɗaukar itacen waya a hanyar Damagaram. Rigarsa kaɗai ta dawo. Zaliha tana da cikin Kellu a lokacin, saboda haka yarinyar a jikin ƙwarya ta san ubanta. Kullum da safe a kan ɗaga ta ta gai da kunkuru, har ta girma ba ta bari ba.

Marigayiyar mai kamun kai ce. Ba ta taɓa ɗanɗana fura ba, ba ta taɓa zuwa aro ba, ko Barmo da ya zo karɓarta don a rufa wa tumbinsa asiri, hannu wofi ya koma. Zamanta a saman jere yake, cikin ragaya, tana kallon ƙofa. Saboda ita matan unguwa suka shiga zana zomo da kura a bangon ɗakunansu da farar ƙasa, ko da yake, gaskiya ɗaya ce, kunkurunsu bai wuce akushin da aka kife ba. Ta tsira daga gara. Ta tsira a shekarar fara, lokacin da tasoshin jere suka bi juna kasuwa ɗaya bayan ɗaya don tiyar gero. Magana ba ta dame ta ba. In an ƙwanƙwasa ta sai ta ce “kum, kum”, in iska ta kaɗa ragaya ta ce “ƙiii”, shi ke nan.

Ciwon ajali ya shigo ne ta ƙofar alheri. An sa ranar auren Kellu da Haruna ɗan Malam Ibram, yarinya kuma ta ce ko ba a kai mata komai ba, a kai mata ubanta. Malam Ibram ba mai tsanani ba ne. Ya zo da kansa, ya duba, har kura ta ba shi dariya, sannan ya ce, “Zaliha, surar mai rai ba ta kwana gidana. Amma a ja wa kowannensu layi a wuya, a raba kai da jiki, sai ta shiga.”

Ɗan Kasuwa mai gyartai ya ce a kawo masa, aikin ɗan lokaci ne. Zaliha ta ƙi. Ba za ta miƙa wa wani ƙato mijinta ya yanka ba, in yanka ne gara hannun da ya san shi. Ta ciro wuƙar Garbai daga ƙarƙashin gado, ta sa a wuta har ta yi jawur, yadda ta tuna yana yi. Abin da ta manta shi ne, shi yakan jira jan ya mutu kafin ya taɓa ƙwarya, kuma ƙwaryar da yake taɓawa ba tsohuwa ba ce. Ta yanka kura, ta yanka dila, ta yanka zomanya, wato ita kanta, ba ta ko runtse ido ba. Da ta zo kan kunkuru hannu ya tsaya, wuƙa kuwa ba ta tsaya ba, ta ci ta huda. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce “ƙwas”. Tsaga ta bi wuyan nan huɗu ta zagaye, wurin kunkuru ya zube gari-gari, baƙi ƙirin. Ɗan Kasuwa ya zo da basilla da zare, ya jujjuya, ya ce ɗinki yana son abin kamawa.

Ta rasu ta bar ragaya ɗaya, da faifai biyu, da ludayin da bai taɓa shiga cikinta ba, da amarya, da mai ita wadda tun ranar ba ta sa komai a bakinta ba.

Jiya Kellu tana tsince sakaina ta ce, “Inna, shi Baba wuyansa haka yake da tsawo, ko tsokana ce?” Zaliha ta buɗe baki za ta amsa, ta lalubi fuskar mutumin a ranta, ba ta samu kowa ba sai kunkuru. Wannan ya fi fashewar yi mata ciwo.

Za a rufe marigayiyar gobe Alhamis bayan la’asar, a gindin dangar da aka haife ta, cikin rigar Garbai. Babu salla, ƙwarya ce, Malam Ibram ma ya ce zai zo ne a matsayin suruki. Zaman gaisuwa a ɗakin Zaliha. Kada kowa ya wahalar da kansa da gero ko goro. Roƙonta ɗaya ne: duk wanda ya ga Garbai da idonsa, a kasuwar Gure ko a hanyar Damagaram, ya zo kafin a kai amarya ranar Juma’a, ya zauna ya faɗa wa Kellu kamannin ubanta. Uwarta za ta zauna a gefe, ita ma ta ji.