Yadda Za Ka Zama Darakta Kafin Ka Samu Aiki

Kai mai neman aiki, share hawayenka. Bi matakan nan wajen rubuta bayanin kanka a shafin ma'aikata na intanet. Na yi maka alkawari kamfanoni za su yi ta kiranka har wayarka ta yi zafi.

Mataki na ɗaya: Yi wa gaskiya kwalliya

Cajar waya kake sayarwa a shagon yayanka? Kul ka rubuta haka. Rubuta: "Daraktan rarraba makamashi ga na'urorin sadarwa." Ina ƙaryar take? Ai caja wuta take kaiwa.

Mataki na biyu: Shekarun zaman kashe wando

Kira su "ba da shawara mai zaman kanta". Ka sha ba 'yan ƙwallo shawara daga kan benci a gaban talabijin. Ba su ɗauka ba, wannan matsalarsu ce.

Mataki na uku: Hoto

Ari kwat. Masu cewa kayan aro ba ya rufe katara ba su san ana yanke hoto daga ƙirji ba. Harɗe hannu, ka ɗaure fuska kamar mai shirin korar ma'aikata.

Mataki na huɗu: Toshe danginka

Nan ake yin ta. Wani ɗalibina, Dogo, ya bi komai ya tsallake wannan. Aka kira shi ganawa, aikin da ya daɗe yana mafarki. Ya shiga da kwat ɗin aro, manaja ya buɗe shafinsa a gabansa. Ƙarƙashin hoton, sai ga saƙon Gwaggonsa, manaja ya karanta da ƙarfi:

"Masha Allah, ɗana! Yaushe ka zama darakta ba mu sani ba? Yayanka ya ce ka bar shago a buɗe. Kuma kawunka na cigiyar kwat ɗinsa."

Manaja ya dubi hoton, ya dubi Dogo. "Ranka ya daɗe Darakta, ita ce wannan a jikinka?"

"Yallaɓai, kama ce kawai."

"To. Mai gaskiya muke nema dama. Gwaggon nan taka tana son aiki?"

Wallahi na tausaya wa yaron.

Gargaɗi: In asirinka ya tonu, ban san ka ba, ba ka san ni ba. Kada ka neme ni, na riga na toshe ka tare da nawa dangin.