Makon da Na Kwantar da Gwaggo da Turanci

Ba zan taɓa mantawa da makon da na kusa aika Gwaggo Hauwa, yayar babanmu, lahira da kalma ɗaya ta Turanci ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Lokacin na gama sakandare, ina zaune a gidanmu a unguwar Kusfa ina jiran sakamako, kai ya kumbura. Ina da wani littafi da nake tara kalmomin Turanci a ciki, kowace da sauran sunayenta a jere: wanda kowa ya sani, da na masana, da tsohon da Turawan ma suka daina faɗa tun zamanin kakanninsu. Ni ba na cewa "house", sai "abode" ko "domicile". (Wa nake burgewa? Masu ɗinkin hula na zaurenmu, waɗanda ba su san ko zaginsu nake yi ba.) Duk takardar da ta shigo unguwa, ni ake nema.

To, Gwaggo ta kwana biyu da zazzaɓi da ciwon kai, aka kai ta asibiti. Tana dawowa ta aika a kira ni, ta miƙo mini kati.

"Ɗan nan, duba mini abin da likitan nan ya rubuta. Bai ce da ni uffan ba, sai gyaɗa kai."

Na duba: "acute coryza". Kalma ta farkon na san ta, mai tsanani ke nan. Ta biyun kuwa ban taɓa cin karo da ita ba. Na ce zan sha ruwa, na ruga ɗaki na bincike littafina da ƙaramin ƙamus ɗina. Babu ita! Mai hankali sai ya dawo ya ce bai sani ba. Ni kuwa na dawo na ɓata fuska, na girgiza kai a hankali.

"Gwaggo, mai tsanani ce. Sai dai addu'a."

"Tana da magani?"

"To, Turawa dai suna nan suna ƙoƙari."

Kafin la'asar labari ya zaga birni. Mata suka cika gida da dubiya, mai kunu, mai fura, mai kuka. Gwaggo ta kwanta ta juya gabas, ta daina cin abinci, ta shiga neman gafarar kowa. Rana ta biyu ta fara rabon kayanta: kwallayenta na jere, da atamfofi, har tunkiyarta ta ba wata maƙwabciya. Ina tsaye ina kallo tana ramewa don tsoro, amma na ƙi fitowa in faɗi gaskiya. Kwana uku fa!

A rana ta huɗu Malam Isa ya zo daga Ƙofar Jatau. Ƙanin marigayi mijinta ne, ya yi aikin malamin asibiti har ya yi ritaya. Ya nemi katin, ya gyara tabarau, ya karanta, ya sake karantawa.

"Wa ya fassara muku wannan?"

Mata kusan ashirin suka juyo gare ni.

"Kai ne? Me ka ce tana nufi?"

Na ce, "Wato, Baba, wani nau'i ne na..."

"Mura ce. Mura! Sunanta ne na likitoci. Ba ka san 'cold' ba? Ba ka san 'catarrh' ba?"

Na san su mana, suna cikin littafina, har na ja musu layi. (Kuma fisabilillahi, me zai hana likita ya rubuta abin da mutane suka sani? Haushinsa bai sake ni ba har gobe.)

Gwaggo ta tashi zaune, ta face hanci, ta ce a kawo mata tuwo. Sai da ta cinye tas, sannan ta dube ni.

"Da bakinka kayana suka fita, da ƙafarka za su dawo."

Haka na bi gida-gida ina sallama, ina karɓo kyautar da aka riga aka yi godiyarta, abin da ko yaro ba ya yi a garinmu. Mai tunkiya ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Af, ashe ba ta mutu ba? To, Allah Ya ƙara ilimi." Tunkiyar kuma ta turje. Ina ja tana ja, da kwallaye a kaina, mutane suna leƙowa suna mini sannu da aiki.

Tun daga ranar, in aka miƙo mini takarda na ga abin da ya fi ƙarfina, nan take nake cewa ban sani ba. Na gwada duka biyun, wallahi faɗin haka ya fi jan tunkiya sauƙi.