Kwalbar Man Shanu a Bayan Rumbu

Ko da zan manta da ranar da na karɓi albashina na farko, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je Yashe nema wa ƙanena Lawal aure ba. Jikata ce ta tono mini ita kwanan nan, da ta zo hutu ta ce ita yanzu ba ta cin shinkafa, ba ta cin tuwo, wai tana wani tsarin abinci da ake kira kito. Ta zauna tana koya mini bambancinsa da na masu rage tuwo kawai: su suna ragewa, su kuma 'yan kito sun yi wa tuwo saki uku sun koma wa nama da mai. Na bar ta ta gama. Ba ta san kakanta ya shiga wannan daji tun kafin a haifi uwarta ba, kuma da ƙyar ya fito da hularsa.

Lokacin ina malamin gona a Kankiya, zamanin da kuɗin fetur suka fara shigowa aka yi mana ƙarin albashi. Kowa ya sayi babur da rediyo, ni kuwa har da tumbi na haɗo. Shayi da madarar gwangwani da burodi da safe, shinkafar waje da rana, lemon kwalba duk sanda maƙogwaro ya yi ƙorafi. Da na fara haki in na sunkuya ɗaura takalmi, sai na je asibiti. Likitan, wani Ba'indiye mai sanyin magana, ya ce sukari ya fara leƙo jinina, amma da sauran gyara. In na saba cin malmala biyu in koma ɗaya, in cire sukari a shayi, in ƙara wake da ganye, in riƙa ajiye babur ina taka ƙasa. Shi ke nan fa. Da na tsaya a nan da yau ba ni da labarin ba ku.

To amma akwai Mista Sunday, akawun ofishinmu, mutumin kudu, dattijon coci wanda ko taba ba ya son a sha kusa da shi. Shi ma da yana da nasa tumbin, sai muka ga ya zube. Ya ce wani littafi ne ɗan'uwansa ya aiko masa daga Turai.

"Oga, rabin magani likita ya ba ka," in ji shi. "In ka rage tuwo, jikinka yana nan zaune yana jiran tuwo. In ka hana shi gaba ɗaya, sai ya haƙura ya koma cin kitsen da ya tara. Kai dai ka ba shi nama da ƙwai da mai."

Na ce, "Wato kitse zan ci don kitse ya tafi?"

Ya ce haka littafi ya ce. Ban gane ba, gaskiya, kuma har yau ban gama ganewa ba. Amma na yi lissafi irin namu na 'yan boko (wanda ya fi na kowa saurin kai mutum rami): in ragewa tana da amfani, ai bari gaba ɗaya ya fi. Na ɗauki na Mista Sunday, ban kuma yar da na likita ba, na riƙa jan su tare.

Nan ruɗani ya fara. Wake, likita ya ce ci, littafi ya ce kul. Kitse, likita ya ce a yi hankali, littafi ya ce a ƙara. Nono a sha amma ban da fura, ban san wanda ya taɓa raba wannan aure ba sai ni. Kullum da safe kafin in sa hannu a rajistar ofis sai na tsaya teburin Mista Sunday da tambaya. Kabewa fa? Ɗanwake fa? Goro fa? Ya buɗe littafin ya duba gaba ya duba baya, ya ce Baturen bai san goro ba. Na yi kwanaki ina riƙe goro a aljihu, ban ci ba, ban kyautar ba. Ga abin kunya, da rana ina yawo ƙauyukan Kusada ina yi wa manoma wa'azin sabon irin dawa da takin zamani, da yamma in dawo gida in kawar da kai daga tuwon dawar.

Maiɗakina Hajara ta kawo mini kwanon miya zalla a ranar farko, ta tsaya tana kallona ina sha da cokali.

"Malam, in wani laifi na yi a gaya mani," ta ce. "Ba a horon mace da ƙin tuwonta."

Na yi mata bayanin jiki da kitse. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya ba da lafiya, da irin muryar da ake faɗa wa wanda aka kai gidan mai magani.

Ba a jima ba jiki ya fara ba ni amsa. Ciwon kai, kasala, jijiyar ƙafa ta riƙa ɗaurewa, in na miƙe da sauri sai gari ya juya. Sannan warin baki. Wani irin wari ne mai tsami-tsami, da ɗan zaƙi a ciki, kamar mangwaron da ya kwana biyu a buhu, kuma daga ciki yake tasowa, asuwaki ba ya kai masa. Ni ban ji ba, Hajara ce ta fara ba ni amsa tana kallon bango. Mista Sunday kuwa murna ya yi, wai alama ce jiki ya fara sauya sheƙa. Ya ce in ƙara gishiri, in riƙa tauna kanumfari saboda bakin, in jiri ya taso kuma in kurɓi man shanu. Na sayi mai wajen wata Bafulatana, Hajara ta soya shi ta dura mini a koriyar kwalba, irin wadda ake auna man gyaɗa da ita a kasuwa. Kowane gida akwai irinta, kuma ba wanda ke tambayar me ta fara ɗauka kafin ta musulunta.

Ana cikin haka aka sa ranar zuwa Yashe. Mahaifinmu ya rasu, don haka ni da ƙaninsa, Baba Sale, mu ne iyayen Lawal. Yarinyar, Binta, Lawal ya daɗe yana sonta, ya rame a kanta fiye da yadda na rame a kan littafi. Mahaifinta Malam Isiyaku kuwa ba a kawo masa wasa. An ce ya taɓa korar wani manemi don kawai an gan shi tsaye a ƙofar wani otal a Kano, bai ko tambayi abin da ya kai shi ba. Lawal ya raka mu har bakin titi yana cewa, "Yaya, don Allah a yi a hankali." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ma'aikacin gwamnati ne zai yi magana.

Na goya Baba Sale a babur. A hanya sau da yawa yana dafa kafaɗata yana cewa hanya ga ta nan miƙe, me nake kewayawa.

Aka sauke mu a zaure, Malam da 'yan'uwansa suka zauna, aka gaisa, aka sake gaisawa. Kafin a shiga magana sai ga akushi a gaban kowa: tuwon sabuwar dawa, miyar kuka da nama, man shanu na yawo a kai, ga ƙwaryar fura a gefe. Kowa ya san abincin gidan da ka je neman aure ba na yunwa ba ne. In ka ci, ka ce kana son zumunci, in ka ƙi, ka faɗi wata magana ko da bakinka a rufe. Na san wannan sarai. Amma na tuna Mista Sunday ya ce loma ɗaya tana rushe wahalar da aka sha gaba ɗaya, a koma farko. Sai na tsince naman, na yashe man da ke sama, na bar tuwon yana kallona. Da aka miƙo ludayi na ce alhamdu lillahi. Malam ya dubi akushin, ya dube ni.

Baba Sale ya fara jawabi, ni kuma zaure ya fara juyawa. Na nemi izinin zagayawa, na miƙe, sai da na dafa bango. Na fita ina tangaɗi, na zaro kwalbata daga jakar babur (rana ta narkar da man ya zama ruwa), na laɓe bayan rumbu don kada a ga ina shan mai bayan na ƙi tuwo. Na ɗaga kai, na kafa kwalba a baki.

Da na sauke ta, sai ga Malam Isiyaku tsaye da buta a hannu. Ya ga baƙo ya fita ba buta ne, ya biyo ni da ita da kansa. Muka kalli juna. Na goge baki da bayan hannu, na yi masa murmushi, na ce na gode. Ya ajiye butar a ƙasa a hankali ya juya.

Wallahi ban fahimci komai ba. Abin da ke raina kawai shi ne ya gane na raina man gidansa na zo da nawa. Na jefa kanumfari a baki na koma zaure, na tarar da fuskoki a murtuke kamar gidan makoki.

"Malam Sale," in ji mai gida, "ku tahi gida. In da wata magana kwa ji."

Baba Sale ya ce, "Allah gafarta Malam, mi munka yi?"

"Tambayi ɗanka abin da shika yi bayan rumbuna."

Baba Sale ya matso kusa da ni, ya ce in hura masa iska. Na hura. Na ga fuskarsa ta sauya, ya ja baya, ya haɗa warin da kanumfarin da tuƙin da na yi masa a hanya.

"Kai, malamin gona," ya ce a hankali, "giya kaka sha?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini gaba ɗaya, har da launin kwalbar. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, don fuskar Lawal ce ta tsaya mini a ido. Na fara rantse-rantse, na ce magani ne, wani abokin aikina Mista Sunday ya koya mini daga littafin Turawa. Wannan bayani bai taimake ni ba ko kaɗan (Allah ya yafe mini, na ja wa bawan Allah zargi, mutumin da ko ƙofar mashaya bai sani ba). Da na ga ina ƙara nutsewa, na ruga na ɗauko kwalbar na dire a tsakiyar tabarma.

Ba wanda ya so taɓa ta. Daga ƙarshe wani ƙanin Malam ya ɗauka da gefen riga, ya sunsuna, ya ɗiga a tafin hannu, ya lasa.

"Man shanu ne," ya ce. "Mai kyau ma."

Na yi ajiyar zuciya, na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara. Malam ya ce in yi masa bayani, na yi: likita ya ce a rage, littafi ya ce a bari, ana cin kitse don kitse ya tafi, wake halal ne a wajen ɗaya haram a wajen ɗaya, goro kuma ba a san matsayinsa ba. Ina magana ina jin yadda take fita, ni kaina da wani ne ke faɗa mini da na matsa gefe. Malam ya saurara har na ƙare, sannan ya juya wajen Baba Sale.

"Mashayi mun san maganinshi, wa'azi aka yi mashi. Amma mutum da hankalinshi shi ƙi tuwo, shi laɓe bayan rumbu shina shan mai? Malam Sale, ka gaya mani tsakaninka da Allah, akwai irin wanga a danginku? Ɗiya zan ba ku."

Baba Sale ya rantse cewa tun daga kakanni ba a taɓa samun mai taɓin hankali a gidanmu ba, wannan boko ne kawai ya yi masa yawa. Sannan ya jawo akushina ya dangwara a gabana, ya ce, "Ci." Ba da muryar tayi ya faɗa ba.

Na dubi tuwon. Na tuna wahalar da na sha, da hujin da na ƙara a bel ɗina, da Mista Sunday. Na tuna Lawal a bakin titi. Na yi bisimilla na yanki loma.

Jama'a, ban san dawa tana da daɗi haka ba. Na yi niyyar loma uku don a ga lafiyata ƙalau, sai na ga ƙasan akushi. Na jawo na Baba Sale na taya shi. Aka miƙo fura, ban ce alhamdu lillahi ba sai da ludayi ya fara ƙwanƙwasar ƙwarya. Ƙanin Malam ya ce, "To, wanga dai yunwa ce." Na ji Malam ya yi 'yar dariya ta hanci, na jingina da bango don in saurari sauran magana da kyau.

Shafa fatiha ce ta tashe ni. An ba Lawal Binta, an tsayar da lokaci, an raba goro, duk ina minshari da baki buɗe a zauren surukai. Ma'aikacin gwamnatin da zai yi magana bai ce uffan ba.

Da na koma asibiti na ba likita labari, ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce wancan tsarin ana yinsa, amma da sa idon likita, kuma ba shi ya rubuta mini ba. Na koma malmalata ɗaya da tafiyar ƙafa, tumbin ya sauka a hankali ba tare da ya tara mini jama'a ba.

Abin da na koya shi ne, in likita ya ce ka rage, ka rage ɗin, kada ka fi shi son lafiyarka. In kuwa ka nace sai ka yi saki uku da tuwo, to ka bari sai an gama ɗaura auren ƙanenka. Binta yanzu tana da jikoki, ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba ko sau ɗaya. Sai dai duk ranar da na ci abinci a gidansu, za ta aiko mini da tuwo malmala ɗaya, da miya, da man shanu a 'yar koriyar kwalba.