Maganin Kaltume Mara Tsarki

Ranar Talata na wuni a kan benci a wani ofishi a birnin Kano, tun hantsi har bayan La'asar, da kwalbar magani a aljihuna. Bencin ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ne. Ni Nababa, da agana ta kama ina ɗan shekara bakwai ta gaji ta sake ni don kanta, na ci yunwar fari da tafasa da rama ban kwanta ba, na faɗo daga saman motar gyaɗa a hanyar Bici na tashi na bi ta da gudu na sake hawa, sai ga shi benci ya kayar da ni a gaban masinja. Masinjan bai ce min sannu ba. Cewa ya yi, "Baba, a yi hankali da kayan gwamnati."

Bari in gaya muku abin da ya kai ni. Editan jaridar nan ya san ni, ta waya nake faɗa masa yana rubutawa, kuma na ja masa kunne kada ya gyara min magana, don gyaran 'yan boko ne ya jefa gidana a wannan hali.

Matata Kaltume, shekararmu arba'in da tara tare. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Allah ya tashi kafaɗunta, amma maƙogwaro bai dawo daidai ba. Koko yana wucewa, kunu yana wucewa, ƙwayar magani kuwa sai ta tsaya a hanya kamar motar da mai ya ƙare mata. To a ɗan asibitin da ke kusa da mu, ta wajen Ɗanbatta, akwai mai haɗa magunguna, Malama Sa'adiyya. Ita ke auna ƙwayar, ta niƙa ta a ɗan turminta na tangaran, ta dama da wani ruwa mai kauri, ta ɗura a kwalba, ta rubuta ranar da zai lalace. Cokali ɗaya kullum da safe, Kaltume ta ci gaba da yi min faɗa cikin ƙoshin lafiya.

Muna nan sai Allah ya kawo mana Masu Girma Iyayen Hatimi, masu duba asibitoci, cikin fararen motoci uku. Suka ce daga yau ba mai sake niƙa ƙwaya sai da takardar shaidar ƙwarewa. Ni ban ƙi ba. Wanda zai dama abin da matata za ta haɗiye, gara a tabbatar ya iya. Sa'adiyya ta shirya tafiya kwas. Aka ɗaga, wai ba a gama buga jakunkunan taro ba. Aka sake ɗagawa, wai babban ɗakin otal ɗin da za a yi kwas an ba da shi haya don biki. Na uku kuwa, Rankaidaɗe shugabansu ne da kansa ya tafi ƙasar waje ya ga yadda suke niƙa tasu ƙwayar, Allah ya saka masa da wannan sadaukarwa. Wata biyar ni nake murƙushe maganin da gindin kofi ina zubawa a koko. Suna can suna shirin koyar da ƙwarewa, Kaltume tana nan tana ƙwarewa.

Daga ƙarshe aka yi kwas, aka yi jarrabawa, yarinyar nan ta ci. Ta dawo da takarda biyu. Ɗaya da Turanci, mai jan hatimi. Ɗayar da Hausa, an lulluɓe ta da leda, wai don amfanin talakawa, kuma doka ta ce a rataye ta inda kowa zai gani. Aka rataye. Ranar da na je karɓar sabuwar kwalba layin ya yi tsawo, sai maƙwabcina Sha'aban tela, wanda ya yi firamare aji huɗu kuma har yau bai bar mu mun manta ba, ya gyara murya ya karanta wa jama'a:

"An amince wa wannan ma'aikaciya ta haɗa magani mara tsarki."

Wata tsohuwa ta saki salati. Na ce, "Sha'aban, sake karantawa, idonka ba na jiya ba ne."

Ya ce, "Idona ke zura zare a allura, Baba. Ma-ra tsar-ki. Ga hatimi a ƙasa."

Kafin in isa gida labarin ya riga ni. Na tarar da Kaltume zaune a kan tabarma, ta ture kofi gefe.

"Malam, shekara biyu ina shan najasa ina tayar da salla?"

"Wace irin najasa kuma?"

"Ka tambayi gwamnati. Ita ta rubuta. Da azumi ma da shi nake sahur."

Daga ranar ta rufe bakinta, ta daina shan maganin. Kwana uku, kai ya fara sara mata. Kwana biyar, harshenta ya fara nauyi irin na wancan karon, har sunana sai ta ja shi. Ni da ban ji tsoron agana ba, wannan ya tsinka min gaba, don likita ya riga ya faɗa min cewa in abin ya dawo karo na biyu ba ya sallama.

Sa'adiyya da kanta ta tako har gida. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ba tsarkin salla ake nufi ba. Haɗin magani iri biyu ne. Wanda ake sa wa a jijiya ko a ido, a rufaffen ɗaki ake haɗa shi, a kashe duk wata ƙwayar cuta. Wanda ake sha ko ake shafawa kuwa, tsabta yake buƙata da awo daidai, shi ne Bature ke ce wa nan-sitaral, su kuma suka fassara shi mara tsarki. Kokon da kike sha ma ai nan-sitaral ne."

Kaltume ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka. Amma ni kokona ba wanda ya rataye masa takarda."

Shi ya sa na hau motar Kano da kwalbar, na faɗi a benci, na tashi, har aka shigar da ni gaban Rankaidaɗe Mataimakin Mai Riƙon Muƙamin Babban Mai Duba Masu Dubawa. Mutum ne mai kirki, ya ba ni rabin kunnensa, ragowar yana wurin waya. Na ce kalma ɗaya na zo a gyara.

Ya ce, "Baba, wannan fassarar ƙwararru suka yi. Kwana uku aka yi ana taron bita a kanta."

"A cikinsu akwai mai yin alwala?"

"Dukkansu."

"To wa ya ce musu tsarki da tsabta abu ɗaya ne?"

Ya ce an riga an buga kwafi dubu huɗu an raba, canji sai an kafa kwamiti, kwamitin kuma sai kasafin baɗi. Sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Baba, ka yi makaranta kuwa?"

Na ce, "Ban yi ba, ranka ya daɗe. Shi ya sa na gane."

Na dawo da kwalbata yadda na tafi da ita. Washegari na ɗauko limamin garinmu, Malam Abdussalam, na kai shi asibiti ya gani da idonsa. Ya tsaya yana kallo. Sa'adiyya ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta goge tebur, ta sa safar hannu, ta rufe hanci, ta auna, ta sake aunawa. Liman ya juyo ya ce, "Wannan ta fi rabin sahun gaba tsarki." Ni ya kalla da ya faɗa, amma na ɗauka don ni ne kusa da shi. Muka je gida ya yi wa Kaltume bayani, har da Larabci, ya ce ba ta da ramuwar ko raka'a ɗaya.

Bayan ya fita ta ce, "Liman da baki ya faɗa. Su kuwa rubutawa suka yi. Ka taɓa ganin mutum ya rubuta wa kayansa aibu in ba gaskiya ba ne?"

Shekara arba'in da tara ban taɓa cin gardama da matar nan ba, ba kuma ranar zan fara ba. Na koma wurin Sha'aban na ce ya nuna min bambancin mara da mai a rubutun boko. Ya zana min da allin ɗinki a kan tebur. Ashe farkonsu ɗaya ne, ƙarshen ne ya bambanta: a cire baƙi biyu, a sa ɗaya. Wannan ɗayan kuma sanda ce tsaye da ɗigo a kanta, kamar mutum da hula. Na ce yanzu wannan ne bokon da kuka yi shekaru kuna yi mana taƙama da shi?

Da Azahar na koma asibiti, Sa'adiyya ta tafi salla, na roƙi ɗan guntun farin filasta a ɗakin wankin ciwo, na liƙe baƙi biyun nan a kan ledar, na ɗauki biro na tsayar da mutumina na sa masa hularsa. Rubutuna na farko ke nan a duniya, kuma a takardar gwamnati na fara.

Sai na ɗauko Kaltume a adaidaita, na tsayar da ita gaban takardar, na sa Sha'aban ya karanta.

Ta ce, "Ka ji tsoron Allah, ka faɗi abin da ke rubuce."

Ya ce, "Inna, wallahi abin da ke rubuce zan faɗa. Magani mai tsarki."

"Sun gyara ke nan?"

Na ce, "Kin manta wanda ya je Kano?"

Na zaro kwalbar nan da ta sha yawo a aljihuna, na girgiza ta kamar yadda aka koya min, na zuba cokali. Ta yi bisimilla ta shanye. Ta lashe leɓe, ta ce, "Ka ji bambanci? Wannan ya fi wancan laushi a maƙogwaro."

Sa'adiyya na dawowa ta ga aikina, sai ta dafe kai. "Baba, ka kashe ni! Ka mayar da ni mai haɗa maganin jijiya. Wannan wata shaidar ce daban, kwas ɗinta ma ban je ba. In masu dubawa suka gani, sai sun ƙwace wadda nake da ita."

Na ce ta kwantar da hankalinta, ita dai ta ci gaba da niƙa abin da aka ce ta niƙa, filasta kuwa yadda ake liƙa shi haka ake ɓare shi. Yau kwana shida Kaltume na shan cokalinta, harshe ya saki, jiya ma har ta tuna min wani laifi da na yi mata zamanin soja.

Saboda haka roƙona ga Masu Girma Iyayen Hatimi ɗaya ne. Duk ranar da za ku zo dubawa, don Allah ku fara danna hon tun daga kwanar kasuwa. Tsoho ne ni, sai na yi minti biyu kafin in taka kujera in mayar muku da maganinku mara tsarki.